A Leƙa Bututun Birki Kafin a Gangara Hawan Kibo

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da masu jif da a-kori-kura masu jan taya huɗu, da kuma 'yan uwana kanikawa. Duk mai bin hanyar Jos zuwa Akwanga ya san Hawan Kibo, ya kuma san abin da ake faɗa bayan hatsari a wurin: birki ne ya tsinke. Sai a yi addu'a a rufe zance, ba mai tambayar ina ne ya tsinke. Tirela da tanka birkin iska ne da su, nasu zancen daban. Amma Hilux, Prado, Pajero da makamantansu birkinsu da mai yake aiki, kuma man nan yana bi ne ta wani siririn bututun ƙarfe da bai kai kaurin fensir ba, yawanci milimita 4.75, wanda ya taso daga masta, wato famfon da ke tura man idan an taka birki, ya bi gefen shasi har tayoyin baya. A kusa da kowace taya kuma akwai guntun hos na roba. Ana canza fad, ana canza shu, amma da wuya ka ga mai mota ya ce a duba masa waɗannan.

Abin da ke cin bututun nan tsatsa ce, kuma mafi yawanta da ita motar ta zo. A jihohin arewacin Amurka da Kanada ana watsa gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara. Ruwan gishirin yana maƙalewa a inda ido ba ya kaiwa: saman tankin mai, bayan 'yan maɗaukan da ke riƙe bututun, saman safayar taya, da kan aksul, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya. Motar ta yi shekara goma a haka, a sayar da ita a gwanjo, ta sauka a Legas ko Kwatano, a wanke ta, wani lokaci ma a fesa wa ƙarƙashinta baƙin fenti. Ta iso Filato, sai jar laka ta ɗora daga inda gishiri ya tsaya. Motar da ke jigilar dankali daga Bokkos ko Mangu da damina, lakar tana daskarewa a kan bututun tana riƙe danshi na makonni.

Mugun halin wannan tsatsa shi ne ba ta ba da sanarwa. A tuƙin cikin gari, daga Terminus zuwa Bukuru, bututun da ya zama siriri zai jure. Ranar da aka taka birki da ƙarfi, matsin man zai iya wuce nauyin fam 1,000 a kan kowane murabba'in inci, to a lokacin yake fashewa, wato daidai lokacin da ake bukatarsa.

Can inda aka ƙera motocin an san da matsalar, kuma akan yi wa motoci kiranye a gyara kyauta. A 2009 Toyota ta kira Tundra kusan 110,000 ƙirar 2000 zuwa 2003, saboda tsatsar ƙarfen da ke riƙe safayar taya, wadda za ta iya shafar bututun birkin baya. A 2014 Subaru ta kira motoci sama da 660,000 a kan tsatsar bututun birki. A 2020 Ford ta kira Edge ƙirar 2015 zuwa 2018 saboda hos ɗin gaba da ke iya fashewa, kuma Edge tana da yawa a titunanmu. Akwai kuma inda ba a yi kiranye ba: hukumar kiyaye lafiyar motoci ta Amurka, NHTSA, ta yi shekaru tana bincike a kan a-kori-kura da jif na General Motors ƙirar 1999 zuwa 2003, ta rufe binciken a 2015 da shawarar a riƙa wanke ƙarƙashin mota ana duba bututun. Ke nan rashin sunan motarka a jerin kiranye ba shaida ba ce cewa bututunta lafiya.

Takardar kiranye adireshin mai motar na can ake aika wa, ba za ta taɓa zuwa Jos ba. Amma dubawa ba ta da wuya. Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, da jikin ƙofa. Idan motar ta Amurka ce, a shigar da lambar a shafin intanet na NHTSA, zai nuna kiranyen da ba a gyara ba. Mai saye ya yi wannan tun kafin ciniki ya faɗa.

Sai dubawa da ido, kuma ba a yin ta a tsaye. A wanke ƙarƙashin motar tas, a hau da ita rami, a bi bututun da tocila daga masta har ƙarshe. Ja-ja na sama da ke gogewa da burushin waya ya bar ƙarfe sumul ba abin tashin hankali ba ne. Bututun da ya kumbura, yake ɓarewa kamar ɓawon itace, ko ya yi ramuka, ya gama aiki. A lanƙwasa kowane hos da hannu a nemi tsaga, sannan wani ya taka birki a ga ko zai kumbura. A tada inji a danne birki da ƙarfi na daƙiƙa 30. In ƙafa tana nutsewa a hankali, akwai yoyo ko masta ta gaji. Hos yana iya mutuwa ta ciki alhali wajensa fes: mai ya tafi amma ya kasa dawowa, taya ɗaya ta riƙe tana zafi. Idan aka sassauta notin fitar da iska daga birkin wannan taya, tayar ta saki nan take, a fara zargin hos. Masu ɗaga jif su sa manyan tayoyi kuwa su sani, hos ɗin asali ya yi musu gajarta. Duk ramin da tayar ta faɗa, jan sa take yi.

A wajen gyara ne zuciyata ta fi sosuwa, don a nan muke cutar kanmu da hannunmu. Akwai masu sa bututun jan ƙarfe na firji ko na na'urar sanyaya ɗaki saboda yana da saukin lanƙwasawa. Jan ƙarfe zalla yana taurarewa da jijjiga, ya tsage a bakin noti. Akwai masu yanke wurin da ya ruɓe su haɗa da mahaɗin famfon ruwa, ko su yi walda, ko su zura roba su ɗaure da waya. Mafi muni shi ne a daddake bututun baya ko a toshe shi da ƙusa a ce ai na gaba ya isa. An raba birkin mota gida biyu ne don in ɗaya ya tafi ɗayan ya tsayar da kai. Wanda ya toshe ɗaya ya cinye ajiyarsa tun kafin ranar bukata.

Abin da ya dace shi ne a canza tsawon bututun gaba ɗaya, daga noti zuwa noti, ko da sai an sauke tanki. A yi amfani da bututun ƙarfe na birki, ko haɗin jan ƙarfe da nikel wanda aka yi musamman don birki, shi ba ya tsatsa. A lura da bakin bututun: motocin Japan irin su Toyota baki mai ninki biyu suke amfani da shi, da noti milimita 10, yawancin na Turai kuma baki mai kumburi kamar kan albasa. Ba a haɗa wannan da wancan, kuma baki mai ninki ɗaya ba shi da gurbi a birki. A fara ɗaura noti da yatsu don kada zare ya karkace, sannan a ƙarasa da sifanar bututu, mai kama noti ta kusan kowane gefe, ba tare da an yi masa ƙarfin tuwo ba. A mayar da kowane maɗauki, a nisanta bututun da salansa da duk abin da ke motsi. Hos ana canza shi biyu-biyu, hagu da dama, da sabbin washa na jan ƙarfe, kuma a juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe a tabbatar bai murɗe ba, bai taɓa taya ba.

Man birki kuwa a karanta murfin kwalbar masta, DOT 3 ko DOT 4. Lita ɗaya ta isa wanke yawancin motoci. Man nan yana shan danshin iska: sabon DOT 4 sai a digiri 230 yake tafasa, wanda ya sha ruwa a 155. A gangare mai tsawo wannan tazarar ce ke sa birki ya yi laushi ya tafi ƙasa, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu, daga kwalbar da ba a buɗe ba. Man inji ko na giya yana kumbura robobin ciki, ruwan omo kuma yana tafasa yana cin bututun ta ciki. Wajen fitar da iska daga birki a fara da tayar da ta fi nisa da masta, kada a bari kwalbar ta bushe. Tsofaffin Hilux suna da wani bawul kusa da aksul na baya mai daidaita birki da nauyin kaya, shi ma yana da notin iska da ake mantawa. Wasu Land Cruiser da Prado masu famfon lantarki suna da tsarinsu na daban, a bi littafin motar.

Ina kira ga jami'an binciken lafiyar motoci da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da su sa duba bututun birki cikin sharuɗɗan takardar lafiyar mota, da rami da tocila, ba a kan tebur ba. Dillalai su riƙa nuna wa mai saye sakamakon lambar shasi. Shugabannin kanikawa na Dilimi da Farin Gada su hana yaransu toshe bututu ko da mai mota ne ya nema. Direba kuma ya sa ƙaramar giya tun daga saman Hawan Kibo. In birki ya tafi, ya yi ta famfo da ƙafa, ya rage giya ɗaya bayan ɗaya, ya ja birkin hannu sannu a hankali, kada ya kashe inji.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarmu albarka.

Naka,
Wani bakanike,
Jos, Jihar Filato.