A Duba Birki Da Batir Kafin A Saya Wa Yaro Keken Lantarki

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon fili a jaridarku mai albarka domin in ja hankalin iyaye masu niyyar saya wa yaro ɗan shekara 10 zuwa 12 keke mai amfani da lantarki. A Birtaniya doka ba ta yarda wanda bai kai shekara 14 ba ya hau irinsa a kan titi, kuma injinsa kada ya wuce wat 250, ya daina taimakawa idan gudu ya kai kilomita 25 a awa. Ni dai ko wannan gudun ina ganin ya yi wa yaro yawa, don haka a nemi wanda uba zai iya rage masa gudu, wanda kuma ba ya tafiya sai an taka feda, a guji mai totur.

Nauyi shi ne abin da aka fi mantawa da shi, domin keken yakan haura kilo 20. A ɗora yaron a kan sirdi a ga ko ƙafafunsa suna taɓa ƙasa, a kuma duba ko 'yan yatsunsa suna kai wa hannun birki ba tare da ya saki kan keken ba. Kada a sayi babba wai don zai girma da shi.

Batirin lithiyam yana iya kamawa da wuta, saboda haka babba ne zai riƙa cajinsa, da cajarsa ta asali, da rana, nesa da ƙofar fita. Hular kwano kuwa a saye ta tare da keken.

Naku,
Wani uba mai karanta jaridarku