Abba, ka dakata da maganar salsalar nan

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Abba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya. Ya karatu, ya kuma hunturun Zariya? Mu nan kowa ƙalau, alhamdulillahi. An gama yankan dawa, ta gonar bakin rafi ta yi kyau, ta tudu kuwa sai godiyar Allah. Ƙafar mahaifiyarka ta yi sauƙi, har ta fara fita barka da gaisuwar rasuwa.

Da gangan na ƙi kiranka a waya. Na san halinka, ina fara magana za ka shiga "to Baba, to Baba", ka ajiye ka ci gaba da abin da ka sa a gaba. Takarda kuwa dole ka zauna da ita.

Ranar Juma'a Kawunka ya biyo ni daga masallaci, ya ja ni zaure, ya buɗe wayarsa ya nuna mini wani zane mai rassa da ka ɗora a Facebook. Na ga sunana, na ga na Malam mahaifina, na ga na Kaka mahaifinsa, can sama kuma ga sunan mahaifin Kaka da alamar tambaya a gefensa. A ƙasa ka rubuta wai "akwai abin da ba a faɗa mana ba, ku biyo ni." Ku biyo ni! Su wa? Sannan ya ce ya ji a bakin abokin nan naka ɗan gidan liman cewa ka je Kaduna, ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, ka ga irin sunan a rajistar bayin da aka 'yanta zamanin Turawa, kuma kana shirin sa shi a kundin digirinka, ka kuma tura zauren dangi na WhatsApp. Daren nan ban runtsa ba.

Kada ka ce na ƙi aikinka, domin ni na ɗora ka a kansa. Da ka zo hutun damina kana tambaye-tambaye, wa ya buɗe maka akwatin ƙarfen Malam? Wa ya miƙa maka takardun harajinsa, tun na zamanin En'e har zuwa 1979 da gwamnatin Rimi ta soke haraji da jangali? Wa ya ce ka je wurin Gwaggo tun tana da sauran hankalinta, ka kai mata goro da sabulu, ka bar ta ta yi ta zuba kada ka katse ta? Na ji daɗi har cikin raina, tunda addini ma ya ce mu san danginmu gwargwadon abin da za mu sada zumunci da shi. Yaran yanzu in ka ce su lissafo, daga kaka sun cije. Kai ka kai hawa biyar: kai, ni, Malam, Kaka, da mahaifinsa. Ka gano mana zuriyar ƙanen Kaka da ya tafi Jos zamanin haƙar kuza bai dawo ba, har jikarsa ta kira mahaifiyarka suka sha kuka a waya. Wannan aikin lada ne, Allah ya ba ka ladansa.

Amma ni ma na riƙe alli har na yi ritaya, don haka bari in duba maka aikinka da jan biro. Sunan nan da ka gani a rajista, in ka tsaya tsakiyar kasuwar Kurmi ka ɗaga murya ka kira shi, mutum nawa za su waiwayo? Mutanenmu na da sunaye kaɗan suke juyawa, Audu, Garba, Mamman, Usman, kowane gida ana maimaita su, jika ya ci sunan kaka, yadda ka ci na Malam har muka koma ce maka Abba. Ba su da sunan dangi irin na takardar makaranta. Wannan da kuke rubutawa a bayan sunanku ni aka fara liƙa wa shi, ranar da aka sa ni firamare hedimasta ya tambayi sunan garinmu ya rubuta. Wanda ya cika rajistar nan kuwa Bature ne ko akawunsa, abin da kunnensa ya jiyo shi ya zuba a takarda. Ka ga sunan ƙauyenmu a ciki? Ba za ka gani ba, lokacin ko dajin ba a sare ba.

Haka shekaru. Tsofaffinmu ba da lamba suke ƙirga ba, sai su ce shekarar fara, shekarar da jirgi ya iso, zamanin Sarki Abbas. Abbas kuwa daga 1903 ya yi mulki har 1919, wanda ya ce maka an haife shi a zamaninsa shekara goma sha shida ya ba ka ka zaɓa. In Gwaggo ta ce wane ɗan wane ne, ka tambaye ta ɗan cikinsa ne, ko ɗan riƙo, ko agola, ko almajirin da ya zo karatu ya girma a gidan aka yi masa aure? Duk "ɗa" ake ce musu. Zanen naka ma duk maza ne a jere, saboda mata ba sa shiga takardar haraji, ke nan rabin jinin da ke jikinka ba ka san inda ya fito ba. An ce har hoton Kaka ka ƙara wa girma kana nazarin tsagar gefen bakinsa. Wanzamai suna tsaga don gado, suna yi don ado, suna yi don magani, ana ma yi wa ɗan mai wabi. Hoto ɗaya da ya koɗe ba zai raba maka su ba.

Yanzu ga abin da na sani, ban kuma taɓa zama na jera maka shi ba. Kaka ya rasu a farin 1973, ina da wayona, ni nake kai masa buta. Ya ce an haife shi Nasara ba su daɗe da cin Kano ba, wato bayan 1903 da kaɗan. Yana ɗan kiwon awaki aka yi yunwar Kakalaba ta 1914, a cikinta mahaifinsa ya taso da su daga kudu, da jaki ɗaya da gatari da tukunya. Ƙannensa biyu a hanya aka binne su. Dagacin wancan lokaci ya nuna musu daji ya ce abin da kuka sare naku ne. Rijiyar bayan masallaci mahaifin Kaka ne ya haƙa ta. Jirgin ƙasa ya riga ya iso Kano tun 1911, gyaɗa ta yi kuɗi, da ita ya sayi jaki na biyu, da ita ya aurar da 'ya'yansa. In ka ce wa Kaka daga ina a kudu, sai ya ce kudu dai, ya ja carbinsa. Labarin nan na cewa mu Barebari ne, kakanmu ya zo daga Kukawa da allo da tawada, na Baffanka ne, ya fara shi lokacin da yake neman sarautar nan, ka san sauran. Ni ban taɓa faɗa maka shi ba, ka binciki ƙwaƙwalwarka. Shiru na yi, yadda Malam ya yi shiru, kuma shiru ba ƙarya ba ne. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

To mu ƙaddara ma shi ne a rajistar. Ka fi ni karanta tarihi, ka san yadda kudancin ƙasar Kano yake a ƙarni na 19, ga harin Ningawa, ga basasar Tukurawa da Yusufawa daga 1893 zuwa 1895. Mutum zai fita gona da safe yana ɗa, kafin magariba yana da igiya a wuya. Rumada, wato ƙauyukan bayi, cike suke da mutane, ga gandayen sarki irin na Fanisau. Turawa da suka zo ba su buɗe ƙofa sun ce kowa ya kama gabansa ba. Dokarsu ta 1901 cewa ta yi wanda aka haifa daga 1 ga Afrilun shekarar ɗa ne, waɗanda ke hannu kuwa yawanci sai sun yi murgu, sun tara kuɗin fansa sun kai gaban alƙali, kuma sai 1936 aka soke bautar ɗungurungum a Arewa. In shi ne, to mutum ne da ya yi noma biyu, ɗaya na ubangida ɗaya na fansar wuyansa, sannan ya ratso yunwa da iyalinsa ya zo ya kafa gari. Wallahi ban ga abin sunkuyar da kai a nan ba. Sayyidina Bilal fa? Sarakuna nawa ƙwaraƙwarai suka haifa, ana zubewa ana gaishe su?

Amma Abba, da mutane muke zaune.

An sa ranar ƙanwarka bayan Ƙaramar Sallah. An karɓi kuɗin gaisuwa, an raba goro da alewar sa rana gida-gida, mahaifiyarka ta sayar da tumakinta ta ba kafinta kuɗin gado. Ka san gidan da za ta shiga. Yaron ba shi da laifi, mahaifinsa ma mutumin kirki ne, amma akwai gwaggwanninsa, akwai tsohuwar nan da ba ta da hira sai wane jikan wane. Sun yi bincike a kanmu kafin su kawo kuɗi, mun sani, mu ma mun yi a kansu. Kuma ba za su zo su ce mun fasa saboda kaza ba, ba a haka. Za a fara da ɗaga rana, a ce lefe bai gama haɗuwa ba. Sai a ce an sake istihara. Sai wata safiya a turo dattawa biyu da ban haƙuri, su ce a ba su kayansu. Ka manta 'yar Gwaggonka ta Bichi? Kai ne fa kake kai mata abinci ɗaki tana mayar da shi. Ita kuwa magana ce kawai wata mata ta yar a bakin rijiya, ba takarda, ba shaida. Taka da hatimin jami'a za ta fito, da sa hannun ɗan gidan.

Ko an ɗaura auren ma, ka yi tunanin zaman? Ranar da ta fara saɓawa da facalarta, me kake tsammani za a jefe ta da shi? Ranar da ɗanta ya yi faɗa da yaran gidan a tsakar gida, wace kalma za a koya musu? Bayanta akwai Auta, akwai 'yan matan gidan Baffanka, akwai waɗanda ba a haifa ba. Kai namiji ne, gobe ka karɓi digirinka ka tafi Abuja ko Legas, ba mai tambayarka wa ya haifi kakan babanka. Su ne za su zauna da abin a ɗakunansu. Tun ranar Juma'a in na ga ƙanwarka tana ninke zannuwanta tana waƙa, sai in tashi in bar gidan.

Wa ya ba ka izini? Mutumin nan ba naka ba ne kai kaɗai, zuriyarsa ta cika unguwa biyu. Shawarar wa ka nema? Ka tsallake ni, ka tsallake Baffanka, ka tsallake Gwaggo da ta buɗe maka cikinta don ta ɗauka jikanta take wa hira, ka je ka tara baƙin da ba su san hanyar garinmu ba kana ce musu su biyo ka. Wannan ba tarbiyyar da na ba ka ba ce. Malamin da ke duba kundinka zai ba ka maki ya manta da kai kafin shekara ta zagayo. Garin tone-tone kaza ke tono wuƙar yanka ta, kai kuwa wuƙar da kake tonowa ba wuyanka za ta hau ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Na san amsarka, kamar ina jin muryarka: Baba, ai gaskiya ce, kuma shirun da ake yi shi ya hana gorin mutuwa. Wataƙila haka ne. Wataƙila ku ne za ku kashe shi a zamaninku, ina muku fata. Amma ba da auren ƙanwarka za ka fara gwaji ba. Maganar tofa yawu a kwalba a aika Amurka don gwajin asali kuwa kada in sake jin ta. Iyakarsu su ce maka kai mutumin Afirka ta Yamma ne, kaso kaza nan kaso kaza can, ba sunan ƙauye ba sunan mutum, addini kuma ya riga ya yanke cewa ɗa na mai shimfiɗa ne. Kuɗin ka sayi takalmi, na ga wanda ka zo da shi.

Mahaifiyarka ta leƙo yanzu ta ce daga yadda nake danna biro ta san na yi zafi, in sassauta maka. To na sassauta. Tun kana ƙarami kai mai tambaya ne, ba ka karɓar "haka muka tarar", halin mai sunanka ne sak, kuma ban taɓa so ka canza ba. Ban ce ka ƙone littattafanka ba, ban ce ka goge muryar Gwaggo ba, ka adana ta da kyau don ba za a sake samun irinta ba. Abin da nake so, ka sauke zanen nan yau, ba gobe ba. Kundinka ka yi shi kan kafuwar gari, yunwa, gyaɗa da cin rani, akwai abin rubutu har ya yi maka yawa, ka bar sunayen mutane. Kwafin shafin Kaduna kuma ka kawo mini shi hannu da hannu, ina so in gani da idona.

In an watse daga biki, amarya ta zauna a ɗakinta, za mu zauna da kai da Baffanka, ko yana so ko ba ya so. Akwai sunan wani gari da ya kuɓuce wa Kaka sau ɗaya a ciwon ajalinsa, ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko mahaifiyarka. Ba zan sa shi a takarda ba. Zan faɗa maka da bakina, in Allah ya ba mu rai da lafiya mu shiga mota tare mu je mu tambaya, a matsayin baƙi masu neman 'yan'uwa. Abin da muka samo, dangi za su zauna su ga wanda za a faɗa wa da lokacin da za a faɗa.

Na ba direban da ya kawo maka wannan ɗan kuɗin cefane, da ƙuli-ƙuli da yajin da mahaifiyarka ta daka. In ka sauke abin ka kira Kawunka ya duba ya tabbatar mini, ni ban iya shiga wurin ba. Ƙannenka suna gaishe ka, ita amaryar ta ce kada ka manta alkawarin akwati.

Allah ya yi maka albarka, ya ba ka sa'ar jarrabawa.

Wassalam,
Mahaifinka.