A Auna Halin Jan Ƙarfe a Ruwan da Manomanmu Ke Feshi da Shi

Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili domin jawo hankalin masana kimiyyar sinadarai kan wani awo da ya shafi manoman tumatir na Kura da Kadawa, waɗanda ke fesa magungunan jan ƙarfe don kare shuka daga cututtuka.

Idan aka narkar da shuɗin gishirin jan ƙarfe, wato kofa salfet, ƙwayoyin ruwa shida ne ke kewaye kowace ƙwayar jan ƙarfe, ita kuma takan sa ɗaya daga cikinsu ta saki haidurojin, shi ya sa ruwan ke yin tsami. Ƙarfin wannan saki masana ke aunawa da lamba. A ɗakin gwaji ana ɗiga ruwan sinadarin soda mai kashe tsami kaɗan-kaɗan ana karanta ma'aunin pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, a zafin digiri 25, ana kuma hura iskar naitirojin don kada iskar kabon ta ɓata lissafi. Lambar matakin farko, wato ta sakin haidurojin na farko, tana kusa da 8, sai dai samunta na da wuya, domin tun wajen pH 6 ruwan ke fara gurɓacewa, shuɗin gari ya kwanta a ƙasan kwalba, ga shi kuma ƙwayoyin jan ƙarfen sukan haɗu bibbiyu su rikita awon. Wannan ne ya sa alƙaluman masu bincike suka ɗan sha bamban.

Manomi bai san lambar ba, amma yana ganin aikinta. In ruwan haɗin ya yi tsami, jan ƙarfe ya narke da yawa, sai ganye ya ƙone. Haɗin Bodo, maganin feshi na kofa salfet wanda aka fito da shi a Faransa wajen 1885, farar ƙasa ake zuba masa saboda haka, kuma gwajinsa mai sauƙi ne: a tsoma sabuwar ƙusa, in ta fito da ja-ja to farar ƙasar ba ta isa ba.

A ganina, awon digiri 25 a tataccen ruwa bai wadatar da mu ba, tunda zafin bazara a nan yakan haura digiri 40. Ina kira ga sashen kimiyyar sinadarai na Jami'ar Bayero da na Jami'ar Tarayya ta Dutse su ɗebi ruwan madatsar Tiga da na rijiyoyin burtsatse su maimaita awon, sannan su miƙa wa malaman gona sakamakon da Hausa.

Wassalam.
Malamin kimiyya, daga ƙaramar hukumar Kura.