Godiya ga kamfanin da ke buga mana takardar naɗe sabulu a Sharada

Assalamu alaikum. Na ga ya dace in miƙa godiyata a bainar jama'a ga wannan kamfani da ke rukunin masana'antu na Sharada a Kano, musamman Baban da ke kan injin.

Kafin mu zo gare ku mun ga ta kanmu. Takardarmu fara ce mai rubutu ja da kore, amma duk kayan da aka kawo sai mu tarar farin ya yi dishi-dishi, ja-ja ya bi shi kamar farar riga da aka wanke tare da jar atamfa. Har 'yan sari a kasuwar Singer suka fara tambayar ko jabu ne. Inda muke bugawa a da, amsarsu ba ta wuce "takardarku ce ba ta da kyau". Alhali mu muka biya kuɗin sassaƙa silinda, wato mulmulallen ƙarfen da ke ɗauke da zanen da ake bugawa, kowane launi da tasa.

Baba bai ɗora wa takarda laifi ba. Ya nuna mini yadda silindar ke juyawa cikin tawada, ƙananan ramukan da aka sassaƙa su cika, sannan wata siririyar reza ta kankare ragowar. In rezar ta cinye, ko rufin kurom ɗin silindar, wato ƙarfe mai sheƙi da ake shafe ta da shi, ya goge, tawada kan zille ta ƙarƙashinta ta shafi inda ya kamata ya tsaya fari. Ya ce zafin bazara na busar da sinadarin tsinka tawada har ta yi kauri, ƙurar hunturu kuma in ta faɗa ciki ita ke jan layi. A gabana ya auna kaurin tawadar da ɗan kofi mai huda, ya sa sabuwar reza, ya ware jar silindar domin a sabunta kurom ɗinta. Kaya suka fito fes a ranar da aka yi alkawari.

Abin takaici, wurare da yawa ko samfuri ba sa nuna wa mai kaya kafin su saki inji. In ka yi ƙorafi a ce ai aikinka ƙarami ne, ko a ɗora wa wutar lantarki. Ƙaramin ɗan kasuwa ne ke kwana da asara, domin takardar naɗin ce mai sayen sabulu yake fara dubawa.

Allah ya saka muku da alheri, Baba, ya ƙara lafiya da kasuwa.

Naku,
Mai ƙaramar masana'antar sabulu, Kano