Wasiƙa zuwa ga Aminu a Memfis

Salam Aminu,

Ya gida, ya karatu, ya sanyin can? Fatan kana lafiya kai da Maman Walid da yara. Mu nan ƙalau, zafi ne dai da rashin wuta, ka san hali.

Kwanakin nan na maƙale wa kiɗan wani tsoho, Pinetop Perkins, mai buga piyano, kuma garin da kake zaune yana cikin labarinsa, to bari ka sha surutu. Sunansa na yanka Joe Willie Perkins, an haife shi 1913 a Belzoni cikin jihar Misisipi, yankin gonakin auduga. Kiɗan da ya taso da shi shi ake kira barrelhouse, na rumfunan da leburorin gona da masu yankan katako ke taruwa daren Asabar bayan an biya su, ana sha ana caca ana rawa, ba lasifika ba komai, piyanon ma ta sha wuya. Dole makaɗi ya riƙa dukanta da ƙarfi, hannun hagu ya riƙe kiɗan kamar ganga ba tsayawa, na dama yana ta wasa a sama, in ba haka ba hayaniya ta haɗiye shi.

Abin da ya ɗaure min kai, shi fa da jita ya fi kaɗawa. A shekarun 1940 a Helena ta Akansas wata 'yar rawa ta yanke shi da wuƙa a hannun hagu, jijiyoyi suka taɓu, matse igiyar jita ya gagara, sai ya koma piyano gaba ɗaya. Ka duba fa, hannun da wannan kiɗa ya dogara da shi ne ya samu rauni. Shi ya sa in ka kasa kunne za ka ji nauyin aikin yana hannun dama, yana cike gurbin da mai waƙa ya bari in ya ja numfashi, ba gaggawa ba cika baki. Ni wannan natsuwar ce ta kama ni wallahi.

Ya yi kiɗa a shirin rediyo na King Biscuit Time tare da mawaƙi Sonny Boy Williamson, ya yi yawon kiɗa da mai jita Robert Nighthawk, ya kuma tuƙa tarakta a gonar Hopson kusa da garin Clarksdale a Misisipi. A 1953 nan Memfis ɗinku, a situdiyon Sam Phillips, ya ɗauki wani kiɗa mai suna Pinetop's Boogie Woogie, wanda asali na wani mai piyano Pinetop Smith ne tun 1928, har mutane da yawa suka zaci nasa ne. Shahararren makaɗi Ike Turner ma yana yaro ya koyi piyano a wajensa.

A 1969 da mai piyano Otis Spann ya bar ƙungiyar babban mawaƙi Muddy Waters sai aka ɗauko Perkins, ya zauna har 1980. Duk tsawon nan a baya yake, irin mai kalangun da ke bayan babban mawaƙi, kowa na rawa da hannunsa amma sunan wani ake kira. Faifan da ya fito da shi sosai da sunan kansa, After Hours, sai 1988, yana da shekara 75! Mu nan mutum ya kai 50 sai ya ce an gama da shi.

Kuma tsohon nan taurin rai gare shi, sigari tun yana yaro, a 2004 jirgin ƙasa ya bugi motarsa a Indiyana, mota ta yi raga-raga shi ya fito da ransa. Fabrairun 2011 ya ci Grammy, babbar kyautar mawaƙa ta Amurka, da faifan da suka yi da Willie "Big Eyes" Smith, yana da 97, a lokacin ba wanda ya taɓa cin ta da yawan shekarunsa. Wata guda bayan nan ya rasu a Austin ta Teksas.

Akwai gidauniya da sunansa da ke tara matasa a Clarksdale ana koya musu kiɗan, kuma daga wajenku tafiyar ba ta kai awa biyu a mota ba. In hutu ya zo don Allah ka leƙa ka turo min hoto, ko ba ka son kiɗan ka yi don ni.

Inna tana gaishe ka, ta ce kilishin yana nan sai an samu mai tahowa. Ka gaida Maman Walid.

Naka,
Sani