Godiya ga kamfanin da ya kai mu Ninh Binh ya dawo da mu cikin mutunci

Zuwa ga shugaban kamfani da ma'aikatansa baki ɗaya, a ofishinku da ke tsohuwar unguwar birnin Hanoi.

Ranka ya daɗe, gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Bayan haka, mun rubuto ne a madadin ayarin mutum takwas da kuka ɗauka yawon yini guda zuwa Ninh Binh a farkon watan Yuni, maza biyar mata uku, ciki har da wata dattijuwa, Hajiyarmu, mai fama da ciwon gwiwa. Mun ga ya dace godiyar ta fito fili, kuma da harshenmu, domin 'yan'uwanmu da ke zuwa Biyetnam saro kaya, in suka sami yini guda na hutu, tambayarsu ba ta wuce uku: me za mu ci, ina za mu yi salla, kuma nawa za a tatse mu a hanya. Ku ne na farko da muka gani kun amsa ukun nan tun kafin mu buɗe baki.

Duk wanda ya san wannan tafiya ya san yadda aka saba yin ta. Tsakanin Hanoi da Ninh Binh kilomita 90 ne da 'yan kai, wajen awa biyu a babbar hanya. Sai a ce maka ƙarfe bakwai da rabi, ka fito ka tsaya, motar kuwa tana can tana zagaye otal-otal tana tsintar fasinja har rana ta ɗaga. A tsakiyar hanya a sauke ku wai zango, alhali kantin sayar da tsaraba ne, a bar ku rabin awa ko fiye don direba da ɗan jagora su sami la'adarsu. Abin da wannan ɓata lokaci ke haifarwa shi ne a zuba mutane cikin kwale-kwale da tsakar rana, lokacin da ƙarfen jirgin ya ɗau zafi, sannan a kai su gindin dutse da yamma bayan ƙarfi ya ƙare a ce su hau. Rabin ayari sai su zauna a ƙasa, sun biya kuɗin abin da ba su gani ba. Batun abinci kuwa, ka tambaya ko da alade a ciki, a ce maka babu, don kawai ba a ga tsokarsa a faranti ba.

Ku da daddare kuka aiko saƙo. Malamar da kuka haɗa mu da ita ta yi mana jagora ta tambayi shekarun kowa, ta tambayi ko akwai mai hawan jini ko ciwon ƙafa, ta tambayi abin da ba ma ci, ta kuma nemi mu faɗa mata lokutan sallolinmu. Daga nan ta juya tsarin yinin gaba ɗaya: dutse da safe, wuraren tarihi da hantsi, ruwa bayan rana ta karya. Mun san wannan tsari yana sa mota ta yi gaba ta komo baya, don dutsen Mua da tashar jiragen Tam Coc maƙwabta ne, Hoa Lu mai wuraren tarihin kuma yana can gefe guda. Kun ɗauki asarar man ba ku ɗora mana ko sisi ba.

Ƙarfe shida daidai mota na ƙofa. Takwas da 'yan mintuna muna gindin Mua.

A nan ne aka fara ganin bambanci. Matakalar dutsen ta kai wajen 500, kuma ba irin matakalar bene ba ce da ƙafa ke sabawa da ita. Wata gajera, wata sai ka ɗaga gwiwa sosai, wata ta sha tafin ƙafa har ta yi sulɓi. Wanda ya taɓa hawa Dala kada ya auna da shi. Inuwa kaɗan ce a hanya, zafin watan Yuni a can kuma na iya haura digiri 35, ga gumi da ba ya bushewa saboda laimar iska. Malama ta raba wa kowa gorar ruwa biyu, ta hana silifas, ta ce a riƙa tsayawa a kowace kwana ko da mutum bai ji gajiya ba, domin wanda ya fara da gudu shi ne ke zama a rabi. Can sama hanya ta rabu biyu. Ta hagu ita ce mai tsawo, tana kaiwa ga ƙololuwar da aka gina siffar wani ƙaton macijin almara a kan tsaunin. Ta dama ta fi kusa, tana ƙarewa a wata 'yar hasumiya. Ta gaya mana gaskiya cewa daga ta hagu ake ganin kogin Ngo Dong yana ratsa gonakin shinkafa tsakanin duwatsu, amma ta ja kunne kada kowa ya bi jikin macijin don ɗaukar hoto, saboda dutsen wurin irin na farar ƙasa ne da ruwan sama ya ci, bakinsa kamar wuƙa, ba kuma abin riƙewa na kirki. Saukowa ta fi hawa haɗari, nan gwiwa ke rawa, don haka ta sa aka sauko a jere, ita tana gaba.

Hajiya ba ta hau ba, kuma ba wanda ya sa ta ji kamar ta zama kaya. Direbanku ya samo mata kujera a inuwa bakin tafkin furannin da ke kama da bado a gindin dutsen, ya zauna nesa kaɗan yana lura da ita har muka sauko. Ba ya jin yarenta, ba ta jin nasa, amma har yau tana sa masa albarka.

Hoa Lu shi ne wurin da muka fi ɗari-ɗari da shi, kuma shi ne inda Malama ta fi burge mu. Nan ne babban birnin ƙasar daga shekarar 968, lokacin da Dinh Bo Linh ya haɗa kan yankunan da ke yaƙi da juna ya zama sarki, har zuwa 1010 da aka mayar da fada Thang Long, wato Hanoi ta yau. Dalilin zaɓen wurin a bayyane yake ga duk mai ido: duwatsun da suka kewaye shi su ne ganuwa, 'yan gibin da ke tsakaninsu kawai aka toshe. An kashe Dinh a 979, sai babban kwamandansa Le Hoan ya hau gadon a 980, ya kori rundunar daular Song ta ƙasar Sin a 981. Gine-gine biyun da ake ziyarta yanzu ba fadar asali ba ce, wuraren girmama sarakunan nan biyu ne da aka sake ginawa a ƙarni na 17, kuma har gobe mutanen ƙasar na zuwa su kunna turaren tsinke su rusuna a gaban mutum-mutumin da ke ciki.

Abin da wasu 'yan jagora ke yi shi ne su danƙa wa kowa tsinken turare a ƙofa, su ce a yi yadda ake yi. Musulmi ya rasa yadda zai ƙi ba tare da ya zama kamar ya raina masu wuri ba. Malama tun a mota ta warware wannan. Ta ce ba wanda ake buƙatar ya kunna komai ko ya sunkuya, wanda ya ga dama ya tsaya a farfajiya ta yi masa bayani daga can, wanda zai leƙa ciki ya tsallake dokin ƙofa kada ya taka shi, ya cire malafar rana, ya rage murya, kada ya gitta gaban mai ibada. Shi ke nan. Ta nuna mana gadon dutse mai sassaƙa da ke gaban ginin Sarki Dinh, ta ba mu labarin sarauniya Duong Van Nga wadda ta auri sarakunan biyu ɗaya bayan ɗaya, ba ta yi ƙoƙarin cusa mana komai ba, ba ta kuma ji kunyar addinin mutanenta ba. Mun girmama ta a kan duka biyun. Dokar rufe kafaɗa da gwiwa kuwa ba ta shafi matanmu ba, suturarsu ta riga ta wuce nan.

Sai abinci. Abin alfaharin Ninh Binh biyu ne: naman akuyar dutse da ƙanzon shinkafa soyayye. Akuyar ba yankan Musulmi ba ce. Ƙanzon kuma sau da yawa ana barbaɗa masa dambun naman alade, wani wurin ma da kitsensa ake suya. Haka ɗan naɗin da ake soyawa, cikinsa yawanci niƙaƙƙen alade ne. Wanda bai san wannan ba zai ci yana murna. Kun keɓe mana tebur, kun sa aka wanke kasko aka yi suya da man tsirrai sabo: kifi, ƙwai, awara da tumatir, ganyen alayyafon ruwa da tafarnuwa, farar shinkafa, da ƙanzo zalla ba komai a kansa. Malama ta shiga kicin da ɗaya daga cikin matanmu ta gani da idonta. Wannan shigar kicin ɗin ita ta sa kowa ya ci da kwanciyar rai.

Azahar a can tana shiga wajen sha biyun rana. An ba mu ɗaki a bayan gidan abincin, an share. Abu ɗaya da ya kamata ɗan'uwa ya riƙe: a Biyetnam alƙibla yamma take, ta ɗan karkata arewa kaɗan. Wanda jikinsa ya saba da gabas sai ya juya wa Ka'aba baya bai sani ba. Malama ta riga ta duba a wayarta ta nuna mana bangon da za mu fuskanta, muka gwada da namu ya yi daidai.

Ƙarfe biyu da rabi muka shiga ruwa. Sunan Tam Coc na nufin kogo uku, kogon dutse da kogin ya huda ya wuce ta ƙarƙashinsa. Na farko ya fi tsawo, wajen mita 127, na biyu kamar 60, na uku ya fi gajarta amma rufinsa ya fi ƙasa, dole dogon mutum ya duƙar da kai. Zuwa da dawowa kusan awa biyu ne, kuma babu bayan gida a hanya, abin da Malama ta tuna wa kowa kafin a tashi. Yawancin matuƙan mata ne, kuma da ƙafa suke tuƙi: ta jingina bayanta, ta ɗora tafin ƙafa a kan filafilai biyu tana turawa, hannunta na riƙe da laima. Mun dace da lokaci, domin daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni shinkafar gefen kogin ke nuna ta yi ruwan ɗorawa, manoma na yanka suna lodawa a jirage. Yankin duka na cikin abin da hukumar UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya a 2014 da sunan Trang An.

Mutum bibbiyu aka sa mu a jirgi, kowa da rigar kariya, kuma sai da Malama ta bi ta ja igiyar kowace riga ta tabbatar ta kama. An shigar da Hajiya da farko, mutum biyu na riƙe da jirgin, aka zaunar da ita a tsakiya inda ba ya tangaɗi. Aka hana miƙewa tsaye, aka hana sauya wuri a kan ruwa.

Akwai wata dabara da aka san wurin da ita. A ƙarshen kogo na uku jiragen 'yan talla na jira, su matsa maka ka saya wa matuƙiya lemo da biskit da tsada, ka saya don kunya. Malama ta gaya mana tun a tasha cewa ba dole ba ne, kuma wanda ke son kyautata wa matuƙiyarsa ya ba ta tukwici a hannu bayan an sauka, wannan ya fi amfanar ta. Ta faɗi adadin da aka saba bayarwa, ba ta ƙara ba ta rage. Ta kuma fito da takardar kuɗin ƙasar ta dong 20,000 da ta 500,000 ta jera mana, duka biyun shuɗi-shuɗi ne, baƙo na iya miƙa babbar a maimakon ƙaramar. Yabon gwani ya zama dole: ɗan jagoran da ke da kaso a cinikin ba zai taɓa tona wannan ba.

Abin da ke ci mana rai shi ne, babu ɗaya daga cikin abubuwan nan da ke buƙatar jari. Tambaya ce da daddare, da agogo, da faɗin gaskiya. Amma sau nawa ake karɓar kuɗin mutane a cusa su a mota kamar buhuna, a ce musu "komai na ciki", sai an isa ƙofa a ce tikiti daban? Sau nawa ake tura jirage alhali ruwa ya ƙaru bayan mamakon sama, rufin kogo ya matso, don kawai kada a mayar da kuɗi? Ku a rubuce kuka ba mu cewa in ruwa ya hana shiga kogo za ku mayar da kuɗin wannan ɓangaren. Ba ma sai an je ƙasar wasu ba. A kogunanmu na gida ana loda mutum hamsin da babura da buhunan hatsi a jirgin da bai kamata ya ɗauki rabin haka ba, da daddare, ba riga ko ɗaya, kuma duk damina sai an yi jana'iza. Da muka ga 'yar ƙaramar mace tana bin manya tana ɗaure musu igiyar riga a kan ruwan da ke kwance lif, wallahi can zuciyarmu ta tafi.

Mun yi la'asar a ɗakin da muka yi azahar, muka kama hanya, bakwai saura muna Hanoi. Ba kanti, ba ƙarin kuɗi.

Roƙonmu biyu ne, ranka ya daɗe. Na farko, a isar wa Malama da direba wannan godiya a gaban abokan aikinsu, a kuma duba su in lokacin ƙarin girma ya zo. Na biyu, a ajiye buta biyu da tabarma a bayan mota, domin da gorar ruwan sha muka yi alwala, kuma akwai ayarin mutum goma sha ɗaya da muka riga muka ba lambar ofishinku, suna tafe bayan damina.

Allah ya ƙara buɗi, ya tsare hanya.

Naku,
a madadin ayarin mutum takwas.