Zuwa ga Bagobirin Kwatanu

Salamu alaikum mutumina,

Kai dai ba ka da kirki wallahi, tun babbar Salla ko bip ba ka yi mini ba, ko kifin teku ne ya mantar da kai mutanen Maradi? Ya iyali, ya ƙafar Hajiya? Nan kowa lafiya lau, sai zafi da ɗaukewar kuran.

Bari in ba ka labarin da ya hana ni sakat. Bana ni anka ba yaran tarwaziyem darasin canjin yanayi, kuma ka san yaran yanzu, kafin ka buɗe baki WhatsApp ya riga ka karantar da su. Wata yarinya ta kawo mini bidiyo wai Maradi ce ruwa ya ci a ƙarshen Agustan 2024, alhali ruwan nan a gabanmu anka yi shi, gidaje sunka faɗi, mutane sunka rasu, ba mu buƙatar ƙari. Na ce ta tsayar da bidiyon mu duba allunan shaguna, sai ga rubutu ba Faransanci ba, ba Hausa ba, motocin ma ba irin namu ba. Munka ɗauki hoton munka sa a Google Lens, ashe ambaliyar Pakistan ce ta 2022. Aji ya kaure da ihu, ita kuwa ta ce ai kawunta ne ya turo, kuma shi alhaji ne ba ya ƙarya. To nan fa aikin yake, ya za ka nuna wa yaro cewa mai gaskiya ma yana iya tura ƙarya ba da saninshi ba, ba tare da ka zagi kawun mutane ba?

Sai na bi da su ta makarantar dare. Na ce in anka kawo muku hadisi mi kuke fara tambaya? Sunka ce isnadi. Na ce to haka nan, wa ya faɗa, a ina ya ji, yaushe, kuma mi zai samu in kun yarda. Wallahi tun daga ranar sai "Mushe, ba isnadi" kake ji, har ni ba su bari ba.

Af, ɗan Tasawa ya yi ta biyu, kuma ya ce kar in gaya maka saboda jikka goman nan taka.

Wanda ya fi ba ni wahala wani yaro ne mai kai, ya ce in duniya na ɗumama mi ya sa ruwa ke ƙaruwa, ba hamada anka ce za ta cinye mu ba? Tambaya ce mai kyau fa. Na ce damina guda ba ta isa hukunci, masana shekara 30 suke haɗawa kafin su ce ga yanayin wuri. Bayan farin 1973 da na 1984 ruwa ya ɗan dawo, amma yanzu sau da yawa a fusace yake zuwa, ya zuba lokaci guda sannan ya ɗauke ƙafa gero na tsaka da bununi. Na nuna musu inda za su duba, Agrhymet da ke Yamai tun 1974, masu fitar da hasashen damina kowace shekara, da meteo ta ƙasa, da rahoton GIEC, kwamitin masana canjin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya da anka kafa a 1988, wanda ɗaruruwan masana ke tantancewa kafin ya fito. Amma na ce ko shafi mai suna ku dubi kwanan wata. Maganar tafkin Chadi ya ƙafe da kashi 90 gaskiya ce in kana zancen 1960 zuwa shekarun 1980, daga baya ruwan ya ɗan farfaɗo, amma har yau ana ta yawo da tsohon hoton kamar na jiya.

Na kuma aike su wurin kakanninsu su tambayo labarin sassabin zamani, yadda tun wajen 1983 manoman nan yankinmu sunka daina tumɓuke kututture suna barin tohon gawo cikin gona. Wani ya dawo da cikon shafi huɗu, tsohon har ya ce a kawo ni in sha hura.

Damuwata dai kiredi, waya uku ce ke da intanet a aji mai cike maƙil, ɗaya tawa ce, kuma rezo sai an fita bakin taga. In kana da tsohuwar wayar da ba ka amfani da ita ka ba direban da ke kawo kayan Alhaji, ko allonta ya tsage ba komai.

Ka gaida uwargida, ka ce mata kilishin na nan tafe in anka biya albashi.

Naka,
Mushen da ka sani